Daga ina ruwan daminarmu yake zuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a Kusuri, arewacin Kamaru. A makaranta an koya mana cewa daga teku ruwan sama yake tasowa, amma mu nan teku ta fi kilomita 1,000 nisa da mu. Kakana kuma ya kan ce itatuwa ne ke jawo ruwa. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Malaminka bai yi ƙarya ba, shi ma tsoho, Allah ya ƙara masa lafiya, yana da hujjarsa.

Asalin ruwan dai daga tekun Atlantika ne. Idan bazara ta gasa Sahara, iska mai laima kan taso daga kudu maso yamma, ta mashigin tekun Gini, ta kori busasshiyar iskar hunturu zuwa arewa. Sai dai laimar ba ta isowa Kusuri a tafiya guda. Tana sauka a dazuzzukan kudu, ƙasa ta sha, rana ta sake ɗaga wani kaso ya koma sama, iska ta gusa da shi gaba, ya sake zuba wajen Garwa ko Marwa. Hannu da hannu ake miƙo shi, kamar yadda ake miƙa bokiti idan gobara ta tashi. A duniya baki ɗaya, kusan kashi 40 cikin 100 na ruwan da ke sauka a doron ƙasa daga ƙasar ya tashi.

Ga abin da za ka gwada. Samu farar leda ka ɗaure ta a reshen dalbejiya mai ganye da hantsi. Kafin la'asar za ka tarar ta yi gumi, ruwa ya taru a gindinta. Saiwa ce ta zuƙo shi, ganye ya fitar da shi ta ƙananan ƙofofi. Kowane karan dawa a gonarka haka yake yi, haka ciyawar fadamun Logon da Waza idan ambaliya ta kwanta a kansu. Ƙasa tsirara kwana biyu ta bushe, ta daina ba da komai. Itace mai doguwar saiwa kuwa zai yi makonni yana fitar da tururi. A nan maganar kakanka ta tsaya da ƙafafunta, ko da yake "jawowa" ta yi yawa: itace yana mayar da abin da aka ba shi ne, kuma sau da yawa na gaba da kai ne zai amfana, domin iska ba ta tsayawa.

Ka lura kuma hadarinmu daga gabas yake haɗowa, alhali laimar daga kudu take. Iskar da ke can sama ce ke tura shi yamma.

Tun 1975 wani masani ɗan Amurka, Jule Charney, ya ce ƙarewar tsirrai na iya rage ruwa a Sahel. Binciken da aka yi daga baya ya nuna ɗumamar tekuna ce babban sanadin farin 1973 da 1984, bushewar ƙasa kuma ta ƙara wa wutar fetur. A shekarun farin ne Tafkin Chadi, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya rasa kusan kashi 90 na faɗinsa.