Filin kawu ne fa, ba naka ba

Wani mai shagon kayan masarufi a Kano ya turo min tambaya. Ya tara kusan naira miliyan biyu, kawunsa yana da fuloti biyu a wajen gari ba a gina ba, ya ce masa "je ka yi ta amfani da shi". Shi kuma yana so ya haƙa burtsatse, ya ja katanga, ya shuka tumatir da latas a buhu irin na TikTok, wai an ce masa wata shida kuɗinsa sun dawo. Tambayarsa ita ce wane iri zai saya.

Malam, ba iri ne matsalarka ba. Za ka binne miliyan biyu ne a ƙasar da ba ka da ko ƙyallen takarda a kanta. "Je ka yi ta amfani da shi" magana ce ta zumunci, ranar da dillali ya zo wa kawu da tayin miliyan goma sha biyar, ko aure ya taso, ko kujerar Makka, wallahi ba latas ɗinka ne zai hana a sayar ba, kuma ba ka da bakin magana tunda aro aka ba ka kyauta.

Na san wani da yayan matarsa ya ba shi kango haka. Ya haƙa burtsatse, ya sa sola da tanki, alayyahu ya yi kyau har matan unguwa suna aiko yara da sassafe. Shekara ba ta cika ba Allah ya yi wa mai filin rasuwa, aka zo rabon gado, magada suka yi wa fili kuɗi har da ruwan da ke ciki, shi kuma ba shaida ba takarda. Ya kwance farantan solarsa da tanki ya ɗora a kura, ramin da ya ci kuɗin kuwa ai ba a cire shi. Har yau ba sa gaisawa, matarsa ce a tsakiya.

Kuma kar ka zaci hukuma za ta tsaya maka. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, su kuma KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, gidaje da shaguna da titi ne a gabansu, mai lambu ɗan rakiya ne kawai har ranar da bulo zai iso. Dubi masu lambun bakin rafukan Jakara da Getsi da Kwakwaci, shekara da shekaru suna ciyar da gari da ganye, amma jarinsu injin ban ruwa ne da tiyo da fartanya, abin da za su iya ɗauka su gudu da shi. Ba rashin wayo ba ne. Inda za ka fi su shi ne ruwa mai tsafta, don Getsi dattin masana'antun Bompai yake kwasowa, kuma akwai masu gidan abinci da za su ƙara maka kuɗi saboda wannan.

Tumatir kuwa ka manta da shi. Da sanyi na Kura da Kadawa yake cika kasuwa kwando ya faɗi warwas, ga tsutsar sharon da ta gama da manoma a 2016, kai da buhunanka ɗari biyu ina za ka sa kai? Ganye ne abincin manomin birni, alayyahu, latas, lalo, abin da ba ya jure tafiya mai nisa. Kuma ka samu mai saye kafin ka shuka, in ba haka ba ka kai kasuwar Yankaba dillali ya yanka maka farashin da ya ga dama, don ya san kafin azahar kayanka sun yi yaushi.

To ga abin da za ka yi. Ka koma wajen kawu ka ce haya kake so, shekara biyar, ko dubu hamsin ce a shekara ka biya ka karɓi rasit. A rubuta, mai unguwa ya shaida, babban ɗansa ma ya sa hannu, a kuma sa cewa in an sayar kafin wa'adi za a biya ka kuɗin burtsatse. In ya ce "au, ba ka yarda da ni ba?" ka tuna masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. In ya ƙi, ka yi masa godiya ka bar masa filinsa.

In ya yarda ma, katanga ta jira, shingen waya ya isa. Ka fara da rabin fuloti ɗaya, da kamar dubu ɗari huɗu, sauran su zauna a shago. Ka kuma faɗa min wa zai riƙa ban ruwa safe da yamma kana kanti, don wannan ba ka ambata ba sam.