Wa ke da hurumin nuna ta'asar mulkin mallaka a fagen fasaha?

Tambaya: Na ji an taɓa soke wani nunin fasaha a Landan saboda ya nuna baƙaƙen fata cikin sarƙa. Wannan ba tauye 'yancin faɗin albarkacin baki ba ne? Kuma ya dace Bature ya yi irin wannan aiki? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, aikin shi ne Exhibit B na Brett Bailey, Bature ɗan Afirka ta Kudu. 'Yan wasa baƙaƙen fata ke tsayawa shiru, ba motsi, suna kwaikwayon yadda aka riƙa baje 'yan Afirka a kasuwar kallo. Abin ya faru da gaske: Saartjie Baartman, wata 'yar Afirka ta Kudu da aka riƙa nunawa 'yan kallo a Turai, ta rasu a Faris a 1815, ba a mayar da gawarta gida ba sai 2002, kuma a 1906 an ajiye Ota Benga, wani ɗan Kongo, a gidan namun daji na Bronx da ke New York don a riƙa kallonsa. A Landan, sama da mutum 20,000 suka sa hannu kan takardar koke ta neman a soke Exhibit B, masu zanga-zanga suka tare ƙofa, cibiyar fasaha ta Barbican, wadda ta kawo aikin, ta soke nunin a Satumbar 2014. A Faransa kuwa an ci gaba da shi ƙarƙashin gadin 'yan sanda.

A ganinmu, koke da zanga-zanga su ma faɗin albarkacin baki ne. Tare ƙofa ne ya wuce gona da iri, domin ya rufe bakin 'yan wasan, waɗanda suka fito fili suka kare aikin.

Launin fata ba ya haramta wa kowa wannan tarihi, amma yana ƙara wa Bature nauyi idan zai taɓa shi. Babban ƙorafin masu koke yana da tushe: an sake baje jikin wanda aka zalunta, shi kuwa azzalumin ba a ganin fuskarsa.

Inda cibiyoyi ke tuntuɓe shi ne lokaci. Sai an sa hannu a kwangila, an buga talla, rigima ta tashi, sannan a kira taro. A lokacin ba abin da za a iya sauyawa, mutane kuma sun san haka. Kamata ya yi a zauna da al'ummar da abin ya shafa tun kafin kwangila, a ba wasunsu ikon gyara rubutu da tsarin dandali, a bayyana wa mai sayen tikiti abin da zai gani. A kuma amince da wurin zanga-zanga tun da wuri, kusa da ƙofa, ba tare da an toshe ta ba.