Ƙwarewa, Shaƙewa da Ɗura

Wata mai karatu daga Zariya, wadda ake koya wa aikin kula da masu raunin fahimta da ke fama da wahalar haɗiya, ta tambaya: "Malam, ƙwarewa da shaƙewa ɗaya ne?"

Ba ɗaya ba ne, 'yata. Mutum ya ƙware idan ruwa ko tsakin abinci ya saɓa hanya ya nufi huhu: sai tari, idanu su kawo ruwa, murya ta koma kamar ana kurkure maƙoshi. Shaƙewa kuwa ita ce loma ta toshe hanyar numfashi, ba tari, ba magana. Ta farko na iya zama ciwon huhu bayan kwanaki, ta biyu tana kisa cikin mintuna. Akwai ma wanda abinci ke zarce masa huhu ko tari bai yi ba, sai zazzaɓi a kai a kai. Ki riƙe bambancin nan in kina yi wa likita bayani.

Wani daga Maraɗi: "Ƙwarewar da ake yi a sana'a fa?"

Rubutu ɗaya, ma'ana daban. Jimla ce ke rarrabewa.

Wata uwa ta rubuto: "Ɗana ba ya son ci, sai na yi masa ɗura. Ai ciyarwa ce?"

Nan ne raina ke ɓaci da masu haɗa kalmomin nan. Ana ɗura man fetur a jarka, ana ɗura ruwa a gora. Kalmar da kanta tana nuna abin da ake zuba wa ba shi da zaɓi. Na taɓa ganin an kwantar da yaro a cinya, an toshe masa hanci, ana kwarara masa koko yana fizge-fizge, masu yi kuma suna cewa taimako ne. Ga mai wahalar haɗiya, wannan hanya ce ta kai kokon cikin huhu. Ciyarwa ita ce ki zaunar da shi a miƙe, ƙaramin cokali, ki jira ki ga maƙogwaro ya motsa kafin na gaba, bayan ya gama ya zauna kamar minti 30 kafin ya kwanta. Tsinkakken ruwa ya fi saurin kuɓucewa, shi ya sa masana suka tsara ma'aunin kaurin abinci da abin sha mai suna IDDSI, mataki 0 zuwa 7, daga ruwa zalla har abinci na yau da kullum. Bahaushe ma yana da "tsinkakke", "mai kauri", "mai tauri". Amma ma'aikacin lafiya ne zai faɗi kaurin da ya dace da ɗanki. Kuma don Allah a daina kiran yara masu raunin fahimta "dolo" ko "mahaukaci". Raunin fahimta daban, taɓin hankali daban.

Wani kuma ya tambaya: "Mene ne kaɓaki a cikin 'lomar hasafi ta fi kaɓakin ƙanƙanci'?"

Tulin abinci ne a babban akushi, irin na biki.