Hukuncin Talakawa Su Zauna Sulhu Da 'Yan Bindiga

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Batsari. Dattawan garinmu sun sa ni cikin waɗanda za su je zaman sulhu da mutanen daji. Gari ya rabu biyu. Wasu na cewa ai Annabi (SAW) ma ya yi sulhu a Hudaibiyya, waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa kuma na cewa zama da su cin amanar mamata ne. An ce za su nemi mu riƙa ba su buhunan hatsi bayan girbi. In je, ko in ba da uzuri?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan waɗanda aka kashe, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu.

Ɗan'uwa, ka je. Zaman halas ne, matuƙar hukuma na da masaniya, kuma ba ku sa hannu a kan abin da ba ku da ikon bayarwa ba.

Nasa'i ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Annabi (SAW) game da wanda ya zo ƙwace masa dukiya. Ya ce ya tunatar da shi Allah. In bai ji ba, ya nemi taimakon Musulmin da ke kusa, sannan ya nemi taimakon hukuma, in duk babu, ya yi yaƙi don kare dukiyarsa. Magana ce ta zo farko. Shi ya sa malamanmu na Malikiyya suka ce a fara yi wa ɗan fashi magiya da sunan Allah kafin a yaƙe shi, in da halin yin haka. Aya ta 114 a Suratun Nisa'i ma ta ambaci sulhunta mutane cikin ganawar da ke da alheri. Saboda haka wanda ya ce zaman kansa haramun ne bai yi daidai ba.

Amma masu kafa hujja da Hudaibiyya su ma su yi hattara. Wancan sulhu na shekara ta 6 bayan Hijira shugaban Musulmi ne ya ƙulla shi, da mutanen da ke da shugabanni masu iya tsawata wa na ƙasa. Su kuwa waɗannan, a shari'a muharibai ne, 'yan tare hanya, hukuncinsu na cikin aya ta 33 da ta 34 na Suratul Ma'ida. Ayar ta buɗe ƙofa ga wanda ya tuba kafin a kama shi. Sai dai Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa tuban na ɗauke haƙƙin Allah ne kaɗai, haƙƙin mutane na jini da dukiya yana nan a wuyansa. To nan masu kuka suke da gaskiya. Kai da sauran wakilai ba ku da ikon cewa "mun yafe duk abin da ya wuce". Jinin wanda aka kashe a gona na magadansa ne, shanun da aka kora na mai su ne. Wanda ya yafe da bakinsa, ba da tilas ba, Allah ya ba shi lada. Wanda bai yafe ba, a rubuta haƙƙinsa a ajiye, kuma kada a kira shi maƙiyin zaman lafiya.

Kafin ku fita, ku sanar da dagaci da hakimi da shugaban ƙaramar hukuma da jami'an tsaron yankin, kuma a rubuce. Ƙulla yarjejeniya irin wannan asalinta aikin shugaba ne, ku masu share hanya ne. Ku tara gari tukuna, a ji ta bakin zawarawa da marayu da waɗanda suka yi gudun hijira zuwa Batsari da Katsina, a rubuta sunayen waɗanda ke daji da ranar da aka ɗauke su. A cikin tawaga a sami liman, da ardo ko dattijon Fulani da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa, da mai jin Fulatanci, da mai rubutu. A cire duk wanda ake zargin yana cin riba da fitinar. A zauna da rana, a fili, a wurin da jami'an tsaro suka sani.

Ku fara da abin da ido zai gani: a saki mutanen da ke hannu ba tare da kuɗin fansa ba, a bar manoma su shiga gona, a daina tare hanya. Ku ma ku saurari kukansu, don a cikinsa akwai na gaskiya: burtalin da aka nome, mashayar da aka toshe, da Bafulatanin da ba ruwansa amma aka kashe shi a kasuwa don kamanninsa. Wannan kisa haramun ne ko wa ya yi shi, kuma wajibi ne ku hana matasanku. Komai a yi shi mataki-mataki, a sa wa'adi, a naɗa 'yan kwamiti daga kowane ɓangare da za a kira cikin dare in an kora dabba ko an taɓa wani.

Maganar hatsi kuwa, lokacin yaƙin Khandaƙ Annabi (SAW) ya shawarci Sa'adu bn Mu'azu da Sa'adu bn Ubada kan a bai wa ƙabilar Gaɗafan, da ke cikin maharan, sulusin dabinon Madina su janye, suka ƙi, ya kuwa bi ra'ayinsu. Malamai sun fahimci daga nan cewa bayarwa na halasta in wuya ta kai wuya, ƙin bayarwa kuma shi ne asali. Wanda aka ɗora wa bindiga ya bayar don ya tsira, ba shi da laifi, zunubin na kan mai karɓa. Amma a rubuta shi sharaɗi na kowace kaka, a bi gida-gida ana karɓa har daga gonar maraya, wannan bai halasta ba. Hadisi ya ce sulhu halas ne ban da wanda ya halasta haram ko ya haramta halal. Haka nan duk sharaɗin da zai sa ku kai musu fetur da yawa ko ƙwaya, ko ku sayi shanun sata, ko ku ɓoye wa hukuma motsinsu.

Mafi haɗari shi ne sharaɗin "mu bar ku, ku bar mu mu wuce". In sun bi ta bayan garinku sun faɗa wa mutanen Safana ko Ƙanƙara ko Malumfashi kuna gani kuka yi shiru, kun sayi barcinku da jinin maƙwabta. Ku ƙi wannan a fili tun a zaman farko.

Kuma kada sulhu ya sa a saki jiki. An yi sulhu a jihar nan ta Katsina a 2019, a Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara. Abin da ke rusa irin wannan zama sananne ne: daba ɗaya ta amince, wata ba ta san an yi ba, ko yara su bijire wa ubangidansu, sannan makamai na nan a hannu. Don haka ku tambayi kowane jagora iyakar yaran da yake iya tsawata wa, ku rubuta. Sintiri ya ci gaba tare da jami'an tsaron al'umma da jiha ta kafa a 2023. In kun ga alamar yaudara, aya ta 58 a Suratul Anfal ta ce a sanar da su an warware alkawari, ba a far musu cikin aminci ba. Labarin tsaro kuma a kai shi ga shugabanni, kada a watsa a WhatsApp, kamar yadda aya ta 83 a Suratun Nisa'i ta koyar. Wanda ake zargi infoma ne a miƙa shi ga hukuma da shaida, ba a yanke masa hukunci a bakin kasuwa.

In ka tarar tawagar ta riga ta amince da harajin kaka ko da ba su hanya zuwa wani gari, ka faɗi gaskiya a gaban kowa, ka janye hannunka. Wallahu a'alam.