Mellotron ɗina yana ɗauke sauti bayan daƙiƙa 8, in bari a haɗe zaren?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Ingila, ina kaɗa kibod a wata 'yar ƙungiya da muke kiɗan furog rok irin na shekarun 1970. Watan jiya na sayi tsohon Mellotron M400, wato kibod ɗin nan mai fitar da sauti daga zare irin na kaset, a hannun wani dattijo da kuɗin da na yi shekara 2 ina tarawa, kuma tun da na kawo shi gida hankalina bai kwanta ba. Duk maɓallin da na danna na riƙe, sai sautin ya ɗauke bayan kamar daƙiƙa 8, sai na ɗaga yatsa na sake dannawa. In kuma na danna maɓalli 6 ko 7 tare, sai muryar ta sauka kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Wani mai gyaran kayan sauti ya duba, ya ce zarurrukan ne suka tsinke, zai haɗe kan kowane zare da gindinsa ya zama zobe, ya kuma fesa mai a ciki. Ya ce in kai masa ranar Asabar. Don Allah an cuce ni ne? In kai masa?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka kai masa. Ranar Asabar ɗin ka zauna gida ka sha shayi, in ya kira ka ce ka fasa. Dattijon nan bai cuce ka ba, cutar tana gaba, a teburin mai gyaran nan take jiran ka.

Abubuwa biyu ka kawo, kuma ba ɗaya suke ba. Saukar murya idan ka danna maɓallai da yawa ciwo ne, yana da magani, zan zo kansa. Ɗaukewar sauti bayan daƙiƙa 8 kuwa haka aka ƙera abin. Haka ya fito daga masana'antar Streetly da ke kusa da Birmingham a 1970, haka na ƙungiyar King Crimson yake, haka na ƙungiyar Genesis, haka na ƙungiyar Yes. Da za ka danna maɓalli ya yi ta ƙara babu iyaka, a nan ne zan ce maka wani ya riga ya taɓa shi.

Na gaji da wannan magana ta zobe, wallahi. Kusan duk wanda ya zo mini da tsohon Mellotron sai ya faɗe ta, wani a intanet ya karanto, wani mai gyara ne ya zuba masa. Har masu rubutu a kan kiɗa, waɗanda ya kamata su fi kowa sani, suna rubuta cewa injin yana aiki da zare mai zagayawa. Ba ya zagayawa. Buɗe murfin sama ka leƙa. Maɓalli 35 ne, daga G zuwa F, kowanne da nasa zaren, mai kai da gindi, faɗinsa 3/8 na inci. Idan ka danna, wata 'yar tayar roba da ke ƙarƙashin maɓallin ta matse zaren a jikin doguwar sandar ƙarfe da ke ta juyawa tun daga wannan gefe har wancan, ɗan matashin ulu kuma ya danna shi a kan hed, wato abin da ke karanta sautin da ke kan zaren. Zaren yana tafiya inci 7 da rabi a daƙiƙa guda. Yi lissafi da kanka: daƙiƙa 8 ƙafa 5 ke nan na sauti. Ya ƙare, ya tsaya. Ka ɗaga yatsa, sifirin ya fizgo shi ya koma farko, yana jiran dannawa ta gaba. Wannan bakin zaren da mai gyaranka ya gani ya ce tsinkewa ce, ainihin ƙarshensa ne, a ɗaure yake a jikin firam ɗinsa tun ranar da aka sa shi.

To me ya hana su yi shi zobe tun farko? Harry Chamberlin, Ba'amurken da ya ƙirƙiro dabarar a ƙarshen shekarun 1940, ba rashin wayo ne ya hana shi ba. Kai makaɗi ne, ka san inda ran sauti yake: a farkonsa. Lokacin da izgar goge ta fara cizon tsirkiya, lokacin da mai sarewa ya fara hura iska kafin muryar ta daidaita, lokacin da 'yan amshi suka buɗe baki. Kunne da wannan ɗan tsakin farko yake gane abin da ake kaɗawa. Saboda zaren yana komawa farko kullum, duk dannawa tana farawa da wannan cizon. Mayar da shi zobe, sai dannawarka ta faɗo duk inda ta ga dama, yau a tsakiya, gobe daidai kan gam ɗin da aka manne, ka riƙa jin "ƙyat" duk zagaye. Ka sayi goge da sarewa, ka koma gida da kukan sauro.

An ma gwada, kuma masu kuɗi ne suka gwada. A tsakiyar shekarun 1970 wani mai suna Dave Biro ya ƙera Birotron da kaset mai layi 8 wanda zarensa ke zagayawa, Rick Wakeman na Yes ya zuba kuɗinsa a ciki don shi ma iyakar daƙiƙa 8 ta dame shi. Sai da suka ƙara na'urar lantarki da za ta ƙirƙiro wa sautin farko na ƙarya, tun da zobe ba shi da farko. 'Yan ƙalilan aka ƙera, kasuwancin ya mutu. Abin da injiniyoyi da kuɗin Wakeman suka yi fama da shi, shi mutuminka zai gama maka da almakashi da salatif kafin la'asar?

Na taɓa karɓar wani M400 da irin wannan hannu ya bi ta kansa. Mai shi ya kai wa wani da ya saba gyaran rakoda, ya yanke zare 12 kafin ya lura cewa babu ma hanyar da zoben zai bi a cikin firam ɗin, don ba a yi masa wurin zagayawa ba. Sai ya manne su yadda suke da gam mai ƙarfi, gam ɗin ya bi hed ya bushe. Garin neman gira aka rasa ido. Firam ɗin nan dungurungum muka zubar da zarurrukansa. Kuma ka sani faɗin nan na 3/8 ba a sayar da shi a shagon kayan rakoda, zaren kwata inci da ake samu ko'ina ba ya zama a gurbinsa sai an sauya wasu sassa. Sabon saiti sai ka yi oda daga Streetly nan Ingila ko daga kamfanin Mellotron da ke Suwidin, ka biya, ka jira.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mutum ya ce yana son sautin furog, kuma yana so a cire masa abin da ya haifar da sautin. Koma ka saurari "Epitaph" a faifan King Crimson na 1969, In the Court of the Crimson King, inda Ian McDonald ke kan Mellotron. Ka kasa kunne ga gogen nan da ke tasowa kamar hadari. Ba ya zama wuri guda. Kafin zare ya ƙare yatsa ya riga ya matsa, murya ɗaya ta sauka, wata ta hau, sauran suna riƙe. Tilas ce ta koya musu haka. Mai kaɗa ogan yana iya ɗora hannu ya yi hamma, mai Mellotron dole ya riƙa tafiya kamar gizo-gizo, yana sakin yatsu ɗaya bayan ɗaya don kada duka su mutu lokaci guda. Saurari buɗewar "Watcher of the Skies" a faifan Foxtrot na Genesis, 1972. Tony Banks ne a kan Mellotron samfurin Mk II, wanda ya riga M400 fitowa, da suka saya daga hannun King Crimson, goge gauraye da ƙahonin tagulla, yana sauya haɗin muryoyi a hankali yana hura su da fedar ƙafa. Mike Pinder na Moody Blues ya fi su duka sanin cikin injin, don ya yi aiki a masana'antar Streetly kafin ya yi suna, kuma bai yanke zarensa ya yi zobe ba, hannunsa ya horar. "Nights in White Satin" ta 1967 shaida ce.

Saboda haka aikin da ke gabanka na yatsu ne. Riƙe muryoyi 3, ka ƙirga a zuci, a daƙiƙa ta 4 ko ta 5 ka saki ta tsakiya ka sake kama ta, ko ka maye gurbinta da wata, sannan ta sama, sannan ta ƙasa. Ka bar wa zaren ɗan lokacin komawa, kada ka sake dannawa tun bai isa gida ba, in ba haka ba zai fara daga tsakiya ya ƙare da wuri. Sa fedar ƙara a ƙafarka, ka sa ɗan amo a bayan sautin, ɗinkin ba zai fito ba. Sati 2 na wannan ya ishe ka.

Maganar fesa mai kuwa ta fi ta almakashi sharri, don ita a ɓoye take ɓarna. Injin nan gaba ɗaya da kamun roba a jikin ƙarfe yake tafiya. Mai ya taɓa sandar nan, zare ya fara santsi, murya ta riƙa rawa. Ya taɓa tayoyin roba, su kumbura ko su yi laushi. Ya jiƙa matasan ulu, su shafa shi a kan zare 35, ƙura ta zo ta zauna a kai. Duk wanda ya taɓa riƙe rediyo mai kaset a gida ya san ba a zuba wa hed mai, auduga da sifirit ake sa masa, amma da an ga babban akwati sai hankali ya gudu. Akwai wuraren da ke son ɗigon mai, kamar mazaunin sandar a gefe da gefe, ɗigo ne kuma da bakin allura, ba feshi ba.

Yanzu ciwon gaskiya, saukar murya. M400 na farko-farko sun zo da allon sarrafa gudun ɗan injin lantarki mai juya sandar, allon da ake kira CMC-10, wanda ya yi ƙaurin suna. Kowane maɓalli da ka danna ƙarin kaya ne a kan sandar, allon kuma ba ya iya riƙe gudun daidai, sai muryoyin duka su sunkuya tare. Wannan ne ya sa makaɗan wancan zamani suka yi ta kuka da shi a kan dandamali, ga zafin fitilu, ga wutar da ke hawa da sauka daga gari zuwa gari, ga raɓa da ke kama zare idan an fito da injin daga mota mai sanyi aka shiga ɗaki mai ɗumi. Duba allon da ke cikin naka. In CMC-10 ne, a sauya shi da irin na baya, jerin SMS, waɗanda ke riƙe gudu ko ka danna da tafin hannu. Wannan sauyi ba ya taɓa muryar injin, kowa yana yin sa.

Amma kafin ka kashe ko fam guda, duba abubuwa masu sauƙi. Tayoyin roba da suka shekara 50 kan taurare, wasu ba sa juyawa sai da ƙyar, kowacce tana jan injin baya. Juya su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, wadda ta cije ka san ta. Bel ɗin da ke tsakanin injin da babban faifan ƙarfe shi ma yana saki. Sannan kowane maɓalli yana da sukuru 2 a samansa, ɗaya na tayar roba, ɗaya na matashin ulu. 'Yan koyo suna ɗaure su tamau suna zaton ƙarin matsi ƙarin sauti ne, alhali ƙarin nauyi ne a kan injin da saurin cin zare. Ana sassautawa ne har sautin ya ɗauke, sannan a ɗaura kaɗan-kaɗan har ya tsaya da ƙafarsa, a ƙara ɗan kaɗan a bari. In wani ya riga ya ɗaure na naka duka, wataƙila rabin matsalar ke nan.

Kuma kada sukudireba mai maganaɗisu ya kusanci hed ko zare. Kada a ɗora mita a kan hed don gwada ko wayarsa na da rai, wutar mitar tana mayar da shi maganaɗisu, daga nan duk wucewar zare sai ya ɗan goge siraran muryoyin sama, kuma abin da ya goge ba ya dawowa. Cire firam ɗin zaren gaba ɗaya kafin kowane aiki, M400 don haka aka yi shi mai ciruwa. Ajiye shi nesa da lasifika.

Kana Ingila, ƙasar da aka haifi abin tun 1963, lokacin da 'yan'uwan nan Bradley suka ɗauki dabarar Chamberlin suka gyara ta. Kimanin M400 1,800 kawai aka ƙera, masu gyaransa na gaskiya ba su da yawa amma suna nan kusa da kai. Duk wanda za ka ba wa, fara tambayarsa me ya sa sautin ke ɗaukewa bayan daƙiƙa 8. In ya yi dariya ya ce ai haka yake, ba shi. In ya fara maganar almakashi, ɗauki akwatinka, ko da yake kilo 55 ne, ka nemi wanda zai kama maka. Ka turo mini hoton allon da ke ciki da sunayen sautuka 3 da ke kan firam ɗinka, sai in gaya maka wanda za ka fara saya.