Koyar da sarrafa fushi a aji mai cunkoso

Malama, kin ce 'yan ajinki na JSS 2 a Gombe sun fi 70, kullum faɗa, kuma babu gurbin wannan darasi a jadawali. Kada ki jira gurbi. Ki yanki minti 10 daga darasin Civic Education, sau biyu a mako.

Ki fara da sunaye. Yawancin yara "haushi" kawai suka sani, alhali kunya daban, kishi daban, jin an raina ka daban. Ki rubuta su a allo. Sai ki kawo misali: Wance ta ari biron ƙawarta ta ɓatar. Yara biyu su fito su kwaikwaya, ɗaya ta ce "na ji zafi da kika ɓatar min da biro", ɗayar ta maimaita abin da ta ji kafin ta kare kanta. Maimaitawar nan ce ke ba su wuya, don kowa so yake ya rama.

Hadisin mai fushi ya zauna in yana tsaye, sun san shi daga Islamiyya; ki sa su aikata shi.

Kada ki yi misali da rigimar gaske a gaban aji, tsokana za ta biyo yaron har gida. Wannan ta ofis ce, ku uku.