Farin Fure a Gindin Dutse: Me Ya Sa Yake Ƙonewa a Hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A gidan kakanninmu a Dass, kusa da duwatsun Mbula, akwai wata bishiya mai farin fure da rawaya a tsakiya. A ido gwanin sha'awa, amma in na ɗauka da Tecno ɗina sai furen ya fito fari fat kamar takarda. Wayar ce ta samu matsala? Kuma mene ne sunan bishiyar? Daga wata ɗaliba a Yelwa, Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Wayarki lafiyarta ƙalau. Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne a dunƙule. Dutsen da ke bayan furen ya fi shi duhu, kuma shi ya cinye yawancin hoton, sai wayar ta zaci wurin ba haske, ta ƙara. Dutse ya fito da kyau, fure ya ƙone. Abin da ya ƙone kuwa babu manhajar gyaran hoto da za ta dawo da shi, don haka a wajen ɗauka ake maganinsa.

Ki taɓa furen a kan allo. Za ki ga 'yar alamar rana a gefe, ki ja ta ƙasa a hankali har rawayar tsakiyar nan ta bayyana, ki kuma ga inda kowane ɗaya cikin kunnuwan furen 5 ya hau kan ɗan'uwansa. Kada ki damu in dutsen ya yi duhu. Duhun ne ma ke fito da farin. In kin danna kin riƙe, yawancin wayoyi za su kulle wannan saitin. Mai Pro a kyamararsa, wato sashen da ake saita ta da hannu, ya sa EV (ma'aunin ƙara ko rage haske) a kan -1, ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) a kan 100.

Ni dai ban yarda da ɗaukar farin fure da tsakar rana ba. Ki fita da hantsi bai ɗaga ba, ko bayan la'asar sakaliya. Da hunturu ki fara goge gilashin kyamarar da gefen mayafinki, don ƙurar hazo kaɗai tana dusashe hoto. Ki kuma bar ƙaramar kyamarar macro mai 2MP, wato ta ɗaukar abu kusa-kusa, babbar ta fi ta nesa ba kusa ba.

Sunanta kuwa, kwatancenki ya yi daidai da frangipani, wadda masana ke kira Plumeria, don tunawa da Charles Plumier, masanin tsirrai na Faransa. Asalinta Meziko ne da Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karibiyan, kuma tana jure fari da ƙasa mai tsakuwa. Ki tabbatar da manhajojin gane abu ta hoto, Google Lens ko PlantNet, amma ki nuna musu furen da ganyen. In da rani ne ta kaɗe ganye, rassanta masu kauri na iya sa a ɗauke ta kariya, alhali furen kariya ja-ja ne, gindinta a kumbure. Danginsu ɗaya da tumfafiya, shi ya sa in kin karya reshe farin ruwa ke fita. Kada ya taɓa miki ido.

Tambaya: Malam, akwai irinta a makarantar da nake koyarwa a Kaltungo. Bayan magariba ƙamshinta ke cika harabar. Akwai manhajar da zan tura wa mahaifiyata wannan ƙamshi?

Amsa: Malam, Allah Ya saka da alheri da wannan niyya, amma babu. Waya ba ta da na'urar shaƙar ƙamshi, balle ta fitar da shi. Google Nose da aka yayata a 2013 wai yana sa a shaƙi ƙamshi ta waya, wasan zolaya na 1 ga Afrilu ne, kuma duk wanda ya turo maka mahaɗi da sunan irin wannan manhaja, kada ka buɗe.

Hancinka bai yaudare ka ba: da dare ƙamshin ya fi tashi, domin jawo wasu ƙwari dangin malam-buɗe-littafi masu yawon dare. Ka yanki reshe mai tsawon kamu biyu, ka ajiye a inuwa kamar mako guda bakin ya bushe, ka kai wa Hajiya ta dasa a ƙasa mai yashi kusa da tagarta, kada a cika masa ruwa.